An yi mini setin bawul har injin ya yi shiru, yanzu motar ba ta hawa Hada

Ɗan_Rusaifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawarar masu sanin injin. Ina da tsohuwar Hilux ta fetur, mai injin 22R da kafireto, da ita nake sauko da rumman da inabi daga Ɗa'if zuwa Makka. Ta daɗe tana 'yar ƙara a sama, tak-tak-tak kamar keken ɗinki, amma ba ta taɓa ba ni kunya a hanya ba. Sati uku da suka wuce na kai ta wata warsha, wato gareji, canjin baƙin mai, sai babban bakaniken wurin ya ce wazanin buluf take so, wato setin bawul. Na ce a yi. Motar ta fi awa uku a ajiye, injin ya huce sarai, sannan ya buɗe murfin sama. Ban ga ya ɗauko fila ba, wato siraran ganyayen ƙarfen nan da ake auna gibi da su. Da sifana da sukudireba kawai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya tayar, ya kasa kunne, ya kashe, ya ƙara murɗa wasu. Da ya gama ƙarar ta ɗauke ɗif, har na ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa don murna.

To tun daga ranar motar ta canza. In ta yi zafi na tsaya a ishara, wato danja, sai ta riƙa karkarwa, sau biyu ta mutu, kuma kafin ta tashi sai na daɗe ina murza makulli. Jiya a hawan Hada, hanyar dutsen nan da ke tsakanin Makka da Ɗa'if, inda na saba wucewa da giya ta uku da kaya, sai da na dawo ta biyu ba ma kaya a baya. Shin setin ne ya jawo, ko wani ciwon ne daban ya zo a daidai lokacin? In ci gaba da hawa ko in ajiye?

Mu'allim_Sana'iya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye ta yau ɗin nan, kada ka sake nufar Hada da ita sai an buɗe murfin nan an auna. Alamomin da ka lissafa duk na bawul ne da aka matse. Tsakanin hannun da ke danna bawul da kan bawul ɗin akwai ɗan gibi da kamfani ya bari da gangan, saboda ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake yi. In aka cinye gibin, da zarar injin ya ɗumama sai bawul ya kasa komawa mazauninsa ya rufe ruf. Matsin da ya kamata ya tura fistin sai ya riƙa sulalewa ta gefe. Shi ya sa take lafiya da sanyin safiya, in ta yi zafi ta fara karkarwa.

Rashin ƙarfin ma ƙaramin abu ne. Bawul ɗin hayaƙi yana iya kaiwa digiri 700, kuma mafi yawan zafin nan ta mazauninsa yake sauke shi a ɗan lokacin da yake zaune a rufe. In bai zauna ba, ba inda zai kai zafin, ga wuta tana bi ta gefensa kamar ta mai walda. Gefen sai ya tsage ko ya cinye. Daga nan kuma ba maganar sifana ba ce, sai an sauke kan injin an kai makharaɗa, wato wurin masu sassaƙa ƙarfe da inji.

Awon 22R a littafin Toyota: na shigar iska 0.20 na milimita, na hayaƙi 0.30, kuma injin da zafinsa ake aunawa, ba a sanyaye ba.

Ɗan_Karantina:
Mu'allim, a yi mini afuwa, amma kada a yi saurin ɗora wa mai gyaran laifi. Ɗa'if tana sama da teku da fiye da mita 1,800. Iska tana yin sirara a can, kuma injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 1,000 da ya hau. Mai kafireto kuwa abin ya fi damunsa, don fetur ɗin yana yin yawa a kan iskar. Kowace tsohuwar mota tana nishi a Hada.

Ɗan_Rusaifa:
Malam Ɗan_Karantina, shekara shida ina bin hanyar nan da motar nan. Na san nishinta na kullum, wannan daban ne. Kuma mutuwar da ta yi a cikin Makka ta yi, a Shari'a Mansur, ba a kan dutse ba.

Ɗan_Karantina:
To in haka ne na janye. Amma a duba fulogi da tayimin tare, tunda an riga an buɗe.

Usɗa_Maiwurno:
Salamu alaikum mutanen Haramaini, daga Gadarif ta ƙasar Sudan nake gaishe ku. Ni abin da nake so in kare shi ne kunne, domin na ga ana neman a mai da shi laifi. Maigidan da ya koya mini sana'a a Wad Madani, Allah ya jiƙansa, in babbar mota ta shigo yakan ɗora bakin dogon sukudireba a kan murfin injin, ya manna marikin a kunnensa, ya lumshe ido, ya ce na silinda ta huɗu ne, na hayaƙi. A buɗe a tarar haka ne. Amma ga inda mutane ba su gane ba: da kunne yake gano ciwo, da fila yake yin magani. Ban taɓa ganin ya ɗaure noti ba tare da ya zura awo ba. Filarsa tana rataye da zare a wuyansa, ta yi baƙi saboda mai, lambobin jikinta sun goge amma ya san kowane ganye da kaurinsa.

Kunne yana jin bawul da ya saki. Wanda ya matse ba ya magana, shiru yake yi yana ƙonewa. Shi ne abin da ya sami ɗan'uwanmu.

Mu'allim_Sana'iya:
Usɗa, ka faɗi abin da na shekara ina faɗa wa yarana. Allah ya jiƙan maigidanka. Injin irin wannan in ya yi shiru ɗif, ni tsoro nake ji. 'Yar siririyar ƙarar nan mai tafiya daidai da juna ita ce lafiyarsa.

Baba_Jarwal:
Ɗana Ɗan_Rusaifa, na gode da ba ka kama sunan warshar ba, kuma ina roƙon kada kowa ya tambaya. Ka koma wurinsa cikin mutunci ka gaya masa abin da ya faru. Sau da yawa mu masu mota ne muke jawowa. Mutum zai tsaya a kan bakanike yana cewa har yanzu ina jin ƙara, har yanzu ina jin ƙara, shi kuma yana son ya faranta maka, sai ya ƙara murɗawa. Garin neman gira a rasa ido.

Ɗan_Rusaifa:
Gaskiya ne Baba. Da ya tayar karon farko ni ne na ce masa akwai saura.

Injiniya_Yanbu:
Ina da ƙarin bayani kan maganar zafi da sanyi, don kada wani ya ɗauka doka ɗaya ce ga kowace mota. 22R da zafi ake yi, haka ne. Amma Honda, Accord da Civic da CR-V, littafinsu cewa ya yi a sanyaye, kan injin ya kasance ƙasa da digiri 38. To ku duba garuruwanmu. Da rani a Makka ko Madina, da azahar iskar gari kanta ta haura 38. Ko motar ta wuni a ajiye, ba ta sauko inda ake so ba, balle in a rana take. Ni tawa da yamma nake kai ta ta kwana a warsha, a buɗe ta bayan sallar asuba kafin kowa ya taɓa makulli. Wanda ya tuƙo Honda daga gida, aka ba shi shayi ya sha aka ce ta huce, ba ta huce ba.

Tsohuwar CR-V ta shekarun 1997 zuwa 2001 ma an san ta da wannan hali: bawul ɗin hayaƙinta da kansa yake matsewa a hankali, saboda yana ƙara nutsewa cikin mazauninsa. Ba ƙara, ba alama, sai ranar da silinda ɗaya ta mutu. Don haka ba sai an ji tak-tak ake aunawa ba.

Ummu_Safiyya:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri na shigo da tawa a tsakiya. Corolla gare ni ta 2006, ni nake kai yara makaranta da ita a Jidda. Wani ya ce mini ita ma tana son wannan setin, wani kuma ya ce irin nata ba a taɓa shi har abada. Wanne zan kama?

Mu'allim_Sana'iya:
Hajiya, dukansu sun faɗi rabin gaskiya. In injinta 1ZZ ne, ba shi da noti da sukurun da ake murɗawa irin na Hilux ɗin nan. Wani ɗan kofi ne na ƙarfe kife a kan kowane bawul, kaurin gindinsa shi ne setin. Ana aunawa a sanyaye: na iska 0.15 zuwa 0.25, na hayaƙi 0.25 zuwa 0.35. In ya fita daga nan, sai an ciro kamshaf, a auna kofin, a sayo wani mai kaurin da ya dace, don kala 35 ne ake yinsu, kowanne ya ɗara na bayansa da 0.02. Aiki ne mai tsawo, amma ba kasafai ake bukatarsa ba in ana canza baƙin mai a kan kari. Aunawar kuwa ba wuya, buɗe murfi ne kawai. In wani ya ce miki zai ɗaure miki shi cikin minti goma, ki ɗauki makullinki ki tafi, domin ba abin ɗaurewa a wurin.

Ummu_Safiyya:
Allah ya saka da alheri Mu'allim. Dama haka ya ce, minti goma.

Direban_Madina:
Ni Hiace nake ja, mai injin 2TR, Madina zuwa Makka. Namu da matsin mai yake daidaita kansa, ba ruwansa da fila. Amma in ka bar mai ya tsufa ya yi kauri, ko ka zuba wanda ba a san asalinsa ba, za ka ji shi da safe yana ƙwanƙwasa na ɗan lokaci kafin mai ya hau. Na taɓa ganin wanda aka karɓi kuɗinsa da sunan wazani a irin wannan injin, alhali wankin ciki da sabon mai kawai yake so.

Sannan Yaya Ɗan_Rusaifa, wata tambaya. Ƙarar farko da ta kai ka warsha, daga sama take ko daga gaban injin? Na riƙe 22R shekaru. Sarƙar tayimin ɗinta tana da madogari na roba, in ya karye sai ta riƙa kaɗawa tana goga murfin gaba, musamman da an tayar da safe. In aka ƙyale tana iya huda murfin, ruwa ya haɗu da mai. Mutane da yawa suna ɗauka bawul ne.

Ɗan_Rusaifa:
Daga sama take, kuma ta ɗauke bayan setin, don haka ina ganin bawul ɗin ne. Amma zan haska fitila cikin ramin sarƙar in an buɗe.

Ɗan_Fagge_a_Riyad:
Ni abin da ke ɗaure mini kai sunayen ne. Da na zo ƙasar nan na shiga warsha na ce ina son setin tafet, kowa ya tsaya yana kallona. A Kano tafet muke cewa, ko setin bawul. Nan kuma wani ya ce buluf, wani ya ce takayat. Sai da na buɗe bonet na nuna da yatsa.

Usɗa_Maiwurno:
Mu ma a nan bakinmu ya fi sabawa da na Larabci, amma dattawanmu na Maiwurno in suna hira da Hausa za ka ji kalmomin da ku a Kano kun daina. Kakanninmu da ƙafa da jaki suka zo bakin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, ba su zo da sunan kayan mota ba, a nan muka tsince su.

Tunda an taɓo awo, bari in faɗi wani abu game da raksha, wato keke mai ƙafa uku, don su ne suka cika mana gari. Yara masu gyaransu da yawa ba su da fila, da reza suke yi, irin mai baki biyu, don kaurinta wajen 0.10 ne. A ƙaramin injin irin wannan dabarar tana ɗan kusantar daidai. Matsalar ita ce yaron da ya saba da reza in ya girma ya koma gyaran mota sai ya tafi da ita. Ka sa 0.10 inda ake son 0.30, ka ga ai an gama da bawul. Land Cruiser mai injin 1HZ da muke shiga gonaki da ita, na hayaƙinta 0.35 zuwa 0.45 ne, Isuzu mai 4JB1 kuwa 0.40 duka biyun, a sanyaye. Kowane injin da abincinsa.

Injiniya_Yanbu:
Usɗa, ina jin wannan shi ne bayanin abin da ya faru. Mai yiwuwa hannun mutumin ya saba da ƙananan injuna.

Sabon_Koyo:
Mu'allim, don Allah a koya mana yadda ake yi dalla-dalla. Ina koyon aiki a Kilo Goma sha Huɗu ta Jidda, maigidana yana yi amma ba ya bayani, sai dai ya ce miƙo sha biyu, riƙe fitila.

Mu'allim_Sana'iya:
To yarona, buɗe kunnenka, a kan 22R nake magana. Ka bar injin ya yi zafinsa na aiki, ka kashe. Ka tanadi kayanka tun kafin nan, domin da ka buɗe murfi injin ya fara hucewa, ba lokacin neman sifana ba ne. Ka sa soket 19 a kan notin fulin ƙasa, ka juya ta inda injin yake juyawa har tsagar fulin ta zo kan sifili. Sai ka kama hannuwan silinda ta ɗaya ka girgiza. In suna motsi, na ta huɗu kuma sun ƙage, kana daidai. In akasin haka ne, ƙara zagaye ɗaya cikakke, saboda kamshaf sau ɗaya yake juyawa in kurankishaf ya juya sau biyu. A nan ne yara suka fi faɗawa rami.

A wannan matsayin za ka yi guda huɗu: na iska na ɗaya da na biyu, na hayaƙi na ɗaya da na uku. Ka sake zagaye ɗaya zuwa sifili, ka yi sauran huɗun: na iska na uku da na huɗu, na hayaƙi na biyu da na huɗu.

Ka sassauta notin da sha biyu, ka zura ganyen fila a kwance, kada ka karkata shi. Ka murɗa sukurun har ka ji ganyen yana wucewa da ɗan ja, kamar kana zaro takarda daga tsakiyar littafin da aka rufe. Ka riƙe sukudireba gam sannan ka ɗaure notin, domin yana ɗaurewa yana jan sukurun. Bayan ka ɗaure ka sake zura ganyen. Wannan awo na biyu shi ne na gaskiya. In kana shakkar hannunka, gwada ganyen da ya ɗara shi kauri kaɗan: bai kamata ya shige ba.

Abu na ƙarshe, ka ciro sukuru ɗaya ka dubi bakinsa a haske. A tsohon injin bakin yakan cinye ya baje, kan bawul ɗin ma ya yi ɗan rami. Ganyen fila shimfiɗaɗɗe ne, zai haye saman ramin ya ce maka daidai, alhali gibin ya fi haka. Irin wannan ne yake sa a yi seti ƙara ta ƙi tafiya, sai mai gyara ya fara matsewa da ka. Maganinsa sabon sukuru, ba ƙarin murɗi ba.

Sabon_Koyo:
Allah ya ƙara girma Mu'allim. Na kwafe a takarda.

Ɗan_Karantina:
Ni dai har yanzu ina da ja a kan maganar yi da zafi. Kafin ka kai bawul na takwas injin ya sauka da yawa, to ina daidaiton yake? Na san ƙwararru da suke yin 22R a sanyaye, su rage ɗan kaɗan daga awon, motocin kuma suna tafiya lafiya.

Mu'allim_Sana'iya:
Akwai masu yin haka, ban musa ba. Amma wanda hannunsa ya faɗa yana gama takwas ɗin kafin injin ya huce. Ni abin da littafi ya ce nake koya wa yaro, in ya girma ya yi nasa ijtihadin.

Ɗan_Karantina:
To a nan mun rabu, Mu'allim, amma da girmamawa.

Ɗan_Rusaifa:
Jama'a na dawo da labari. Na bi maganar Baba, na koma wurin mutumin da sassafe, na sayo fila sabuwa na tafi da ita. Bai yi musu ba, har ya ba ni haƙuri. Muka ɗumama injin muka buɗe. Na iska duk suna wajen 0.10 zuwa 0.15. Na hayaƙi guda uku suna wajen 0.15. Na hayaƙin silinda ta uku kuwa ko ganyen 0.05 ya ƙi shiga, na kama hannun da yatsuna ko motsi ba ya yi. Muka mai da su 0.20 da 0.30. Bakin sukuru biyu ya baje kamar kan ƙusa, yadda Mu'allim ya faɗa, na ba da saƙo a nemo mini a tashlihin Buraiman, inda ake sayar da kayan tsofaffin motoci a Jidda. Madogarin sarƙa yana nan bai karye ba, Direban_Madina.

'Yar ƙarar ta dawo, ƙarfi ma ya dawo sosai, ta daina mutuwa. Sai dai in tana tsaye har yanzu ina jin wata 'yar tangarɗa jifa-jifa, kamar tana tsallake numfashi ɗaya.

Baba_Jarwal:
Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka da ka bi ta lalama.

Mu'allim_Sana'iya:
Madalla. Amma tangarɗar nan kada ka raina ta, sati uku ba kaɗan ba ne ga silinda ta uku. Ka sa a auna matsin kowace silinda. Lafiyayyen 22R yana ba da wajen kilo 12, kada ya gaza 10, kuma bambancin wata da wata kada ya wuce kilo 1. In ta uku ta yi ƙasa, a ɗiga mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. In ya tashi, ringi ne. In ya tsaya inda yake, bawul ɗin ya taɓu.

Usɗa_Maiwurno:
Kafin ka je ma, ka riƙe 'yar takarda a bakin salansa injin yana tsaye yana aiki. In tana kaɗawa waje kawai, da sauƙi. In kana ganin jifa-jifa ana zuƙo ta tana manne wa bakin bututun, ka shirya sauke kan injin. Ba ta kai agogon awo ba, amma a daji da ita muke fara ganewa.

Injiniya_Yanbu:
Takardar tana iya ruɗin mutum in salansa tana da huji, Usɗa. Gara ya je ga agogon.

Ɗan_Rusaifa:
Zan yi duka biyun in sha Allahu. Takardar yanzu da na sauko daga masallaci, agogon kuma ranar Asabar in warsha ta buɗe. Mu'allim, in ta kama sai an sauke kan, bawul ɗin ta ukun kaɗai zan canza ko duka huɗun na hayaƙi? Lokacin rumman ya kusa wucewa, ba na son motar ta daɗe a kwance.